Farar Bindigar Kaftin Adli

A layin Attarin na Iskandariyya, inda kusan kowane shago ke sayar da abin da wani mamaci ya bari, akwai mutum ɗaya da ba ya saye ba ya sayarwa, amma ba a ƙulla cinikin tsohuwar bindiga sai an bi ta gabansa. Usta Hilmi ke nan, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a garin. A takarda sana'arsa gyaran bindiga ce, sai dai abin da ya kai sunansa har Alƙahira shi ne yanke kima. Mai sayarwa ya zo, mai saye ya zo, a ajiye bindiga a kan teburinsa. Sai ya kwance ta, ya leƙa cikin bututunta a hasken ƙofa, ya bi hatimin masana'anta da madubin ƙara girma, sannan ya faɗi kuɗinta da ƙarfi, sau ɗaya. Ba ya maimaitawa, ba ya ƙarawa don an marairaice masa, ba ya ragewa don an zare masa ido. In an yarda a karanta Fatiha, a ba shi ladansa, wanda ba ya canzawa ko bindigar ta kai kuɗin gida ko ba ta wuce kuɗin jaki ba. Kuma duk abin da ya yanke wa kima ba ya saye, ko da sonsa zai kashe shi.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Gadonsa ya yi daga wani Ba'armeniye, Khawaga Artin, wanda ya ɗauke shi aiki tun gemu bai fito masa ba, ya bar masa shagon da zai koma wurin 'ya'yansa a ƙasar waje. Hilmi bai tara komai ba. Matarsa ta rasu da wuri, 'yarsa ɗaya tana aure a Port Said, ɗakinsa na saman shago yana yoyo duk lokacin ruwa. Dukiyarsa gaba ɗaya ita ce wannan: in aka ce "Usta Hilmi ya ce," gardama ta mutu. Da ita yake ci, da ita yake ratsa layin kansa a sama, kuma gaskiya ya ɗan cika ɗaga kan. Mutum ne mai wuyar sha'ani, wanda yake ganin kowa maƙaryaci ne sai ya gwada shi, in ya gwada ɗin ma ya ci gaba da sa masa ido.

Maƙwabcinsa Girgis mai tsofaffin agoguna shi kaɗai ke iya taɓa shi.

"Usta, kai ko gawarka aka kawo a yanke mata kima, sai ka tashi zaune ka ce an yi tsada."

"Kai kuma duk agogunanka babu mai faɗin gaskiya ko ɗaya, Girgis. A wurin ubangidansu suka koya."

Aboki kuwa guda ɗaya gare shi, Kaftin Adli. Ba soja ba ne, ba kuma direban jirgi ba. Akawu ne a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, amma a garin nan duk wanda ya taɓa ɗaga sunan ƙasa a wasa Kaftin ne har ya mutu. Wasansa harbin bara ne da ƙaramar bindiga, a tsaye, da hannu ɗaya, daga nesan da mai ido na gari ma ɗigon baƙi kawai yake gani. Bindigarsa ƙirar Suwizalan ce, tsohuwar gaske, harsashi ɗaya take ci, kunamarta ko numfashi mai ƙarfi ya isa ya tayar da ita. Ƙotarta ta katakon gyaɗar Turai tana haɗiye hannu kamar safa, zufar shekaru ta mai da ita baƙa. Amma darajarta a wurin masu tara irinta ba harbin ba ne. Turin jikinta ne, wannan baƙin mai sirkin shuɗi da masana'anta ta dafa ƙarfen da shi, wanda in ya tafi ba ya dawowa yadda yake. Irin bindigar da ta tsufa da turinta na asali, hatiminta da kaifinsa, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Duk Juma'a bayan an sauko Kaftin yakan kawo ta shagon, su shafa mata mai, su sha shayi, su zagi matasan zamani da ba su iya riƙe numfashi ba.

Sai ga shi wata safiya Kaftin ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ɗaure. Likita ya gaya wa matarsa Umm Samih cewa in aka fara masa gashin jiki na motsa gaɓoɓi da koyon magana a watannin farko akwai fata, in aka bari lokacin ya wuce shi ke nan. Wurin da ake yin aikin da kyau na kuɗi ne, fanshon akawu kuwa ko ƙofarsa ba ya buɗewa. Ɗansu Samih yana can wata ƙasa yana fama da kansa. Ga kuma lasin bindigar ya kusa ƙarewa, babu likitan da zai sa hannu a sabunta wa mutumin da ba ya iya riƙe cokali. Ko dai a mai da ita sunan wani mai lasi, ko a kai ta ofishin 'yan sanda a ajiye a juyo hannu biyu. Dole a sayar, kuma da sauri.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Hajj Mitwalli ɗan kwangila ne, irin waɗanda ke rushe tsofaffin gidajen bakin teku su dasa benaye kamar akwatunan ashana. Bai daɗe da shiga ƙungiyar maharba ba, bai san kan bindiga daga gindinta ba, amma ya ji ana cewa ta Kaftin babu irinta, shi kuwa yana da kabad ɗin gilashi a falo da yake so ya cika. Ya ce zai biya duk abin da Usta Hilmi ya yanke, ba ciniki.

Umm Samih ta riga Mitwalli isowa shagon ranar cinikin, da hantsi, rungume da akwatin katako. Hilmi ya tashi ya ba ta kujera, ya tambayi jikin Kaftin. Ta ce da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa. Sai ya lura da hannayenta: yatsun sun yi ja, sun tsattsage, wani an naɗe shi da tsumma.

"Me ya sami hannunki, Hajja?"

"Aiki, Usta. Bari ka gani." Fuskarta ta washe, karo na farko tun da mijinta ya faɗi. "Ka san iskar tekun nan. Tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa bindigar. Da na buɗe sai na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a gefe, ga ta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce wallahi kayan Kaftin ba za su fita gidana haka ba, a ce matarsa ƙazama ce."

Ta buɗe akwatin. Bindigar na kwance fara sol, tana ɗaukar ido.

Kada wanda ya zage ta. A garin nan mace ba ta fitar da kayan ɗakinta da dauɗa. Tire na tagulla, tukunya, turmin daka ƙamshi, duk abin da talauci ya sa za a kai kasuwa, sai an zauna an dirje shi da toka da lemun tsami da soson ƙarfe har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma a kan tagulla suna da gaskiya, gogagge ya fi kuɗi. Abin da ta sani ta yi, da dukkan ƙarfinta. Ƙotar ma ba ta tsira ba, ta kankare baƙin zufar ta shafa mata man goge kujera.

Hilmi ya ɗauki bindigar. Ya sa madubi. Hatimin masana'anta ya dushe, bakin lambobin ya lanƙwashe, ruwan lemun tsamin ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka. Ɗigon tsatsar da ya tsorata ta, mai da tsumma sun isa su ɗauke shi kafin shayi ya huce. Yanzu abin da ke hannunsa bindiga ce mai harbi daidai, ba kuma komai ba, ba za ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta na makon jiya ba. Baƙin ciki ya kama shi, da haushi, ya rasa wanda zai ɗora wa.

"Kaftin ya gani?"

"Na kai masa har gado. Usta, kuka ya yi. Ya yi ta kallonta hawaye na zuba, yana son ya yi magana. Na ce masa ba komai, ai haƙƙina ne."

Hilmi ya san kukan me Kaftin ya yi.

Kafin ya tattara hankalinsa wata baƙar mota ta toshe rabin layin, Hajj Mitwalli ya shigo da carbi da ƙamshin turare, ya cika shagon. Girgis ya leƙo ya jingina da ƙofa, don ba a yin ciniki a Attarin babu ɗan kallo.

"Masha Allah!" in ji Mitwalli da ya hango ta. "Masha Allah! Kai, ai wannan kamar jiya aka ƙera ta. Na waɗancan 'yan ƙungiyar duk baƙaƙe ne kamar gawayi. Hajja, Kaftin ya iya riƙon kaya." Ya juya wurin Hilmi. "Usta, ni ban san komai a nan ba, kankare na sani da ƙarfen gini. Maganarka na zo saye. Haka take tun asali, ko?"

Da a ce sai Hilmi ya yi aikin jabu ne, ya sake tura ƙarfen a ɓoye, da ya sami lokacin da zai ji kunya ya fasa. Amma ba a nemi ya yi komai ba. Kalma ɗaya ce. Ga mutumin da kuɗin bindigar ba su kai abin da yake kashewa a walima guda ba. Ga mace mai tsattsagaggun yatsu tana kallon bakinsa, ta riga ta yi magana da wurin gashi sun ce ta kawo shi farkon mako. In ya faɗi gaskiya, kuɗin ba za su kai Kaftin ko'ina ba, kuma matar za ta ji a gaban maza cewa da hannunta ta dirje lafiyar mijinta. Ya sake kwance bindigar ba don komai ba, ya leƙa bututun da ya sani kamar tafin hannunsa, ya mayar.

"Haka take," in ji shi. "Fam dubu ɗari uku."

Kuɗinta ke nan na gaskiya, da ba a taɓa ta ba. Aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Hilmi ya motsa leɓɓansa tare da su, bai san ko ya karanta ba. Umm Samih ta yi ta sa masa albarka har bakin titi. Da shagon ya watse Girgis bai tafi ba. Shekara da shekaru yana ganin bindigar nan duk Juma'a, ya san launinta.

"Usta," ya ce a hankali, "yau naka agogon ma ya yi gaba."

"Tafi ka buɗe shagonka, Girgis."

Aka yi takardu, bindiga ta koma sunan Mitwalli, aka kai Kaftin gashi. Ya ɗan samu. Ya kai ga tsayawa da sanda, ya kai ga riƙe kofi da hannu biyu, kalmomi kaɗan suka dawo masa. Hilmi ya je duba shi sau ɗaya. Umm Samih ta kawo basbusa, kek ɗinsu mai zaƙi, da shayi, ta zauna tana ba wata maƙwabciya labari a gabansu, yadda ta goge bindigar har Hajj ya ce masha Allah, yadda Usta bai rage ko sisi ba. Kaftin na kan kujera, bakinsa a karkace, idonsa a kan Hilmi. Ba godiya a cikin kallon, ba zargi, kallon mutumin da ya san abin da aka kashe dominsa ne kuma bai ga ya kai haka ba. Hilmi ya ajiye basbusar ya fita, bai kuma sake zuwa ba. Da sanyi ya shigo ciwon ya sake bugun Kaftin, wannan karon bai tashi ba.

Asirin kuwa bai ma jira mutuwarsa ba. Mitwalli ya ɗauki bindigar zuwa Alƙahira don ya nuna wa manyan masu tara irinta, suka yi masa dariya har wani ya riƙe ciki. Ya dawo Attarin da rana tsaka, lokacin da layin ya cika, ya dire akwatin a kan teburin Hilmi.

"Sake faɗi."

"Ba na faɗi sau biyu, Hajj."

"Na farkon ai ba faɗi ba ne. Sake faɗi, da ƙarfi, mutanen nan su ji."

Hilmi ya dubi ƙofa, ga masu shaguna sun taru. "Dubu hamsin," in ji shi, "in an sami mai son harbi da ita."

"Kun ji ko?" Mitwalli ya juya ga jama'a. "Ni ba zan je in karɓi kuɗi a hannun matar mara lafiya ba, ba haka aka haife ni ba. Da ka ce mini, Hajj, abokina na kwance, taimaka, wallahi da na bayar, in sami lada. Amma ka mai da ni jaki, ka sa na karanta Fatiha a kan ƙarya. Wane ne ya dirje ta?"

"Haka ta zo hannuna."

"To haka sunanka zai fita daga nawa hannun."

Ya cika alkawari. Ba a rufe mako ba labarin ya gama ƙungiyar maharba, ya kai Alƙahira, ya dawo da ƙari: wai Hilmi ya raba kuɗin da matar, wai dama can haka yake yi ba a kama shi ba ne. Waɗanda ya yanke wa kima shekaru ashirin baya suka fara ɗauko bindigoginsu suna jujjuyawa, suna tunanin ko su ma an ci da su. Wannan ya fi komai ci masa rai, don ƙarya ɗaya ta bi baya ta ɓata duk gaskiyar da ya taɓa faɗi. Mutanen da ke miƙewa in ya shigo gidan shayi suka koma ɗaga masa gira. Aikin yanke kima ya tsaya cak. Ya koma gyaran bindigogin farautar tsuntsaye na mutanen bakin tafki, masu biya da kifi in kuɗi ya gagara. Ya rame, ya rage fita, ko tsokanar Girgis ya daina mayarwa, har Girgis ɗin ya gaji ya bari.

Abin da ya riƙe yana lallashin kansa da shi ɗaya ne: Umm Samih ba ta sani ba. Maganar maza ce, a gidan shayi da ƙungiya take yawo, ba ta hawa benen mata masu takaba. Ya ce wa kansa ko ba komai ya saya wa abokinsa 'yan watanni a tsaye, ya kuma saya wa matar kwanciyar rai, asarar kuwa tasa ce shi kaɗai, ba wanda ya cuta sai mai kuɗin da bai ji ba. Da wannan lissafin ya kwana ya tashi har bazara ta dawo.

Wata ranar Talata yana zaune yana wanke bututun wata bindigar farauta, wata mata cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a ƙofa. Ya gane ta da ƙyar. Madam Surayya ce, matar marigayi Ustaz Nagi, malamin lissafi, ɗaya daga cikin tsofaffin maharban da suka yi zamani da Kaftin. Mijin bai daɗe da rasuwa ba. Hilmi ya san bindigarsa, ta Jamus ce, da akwatinta da kayan gyaranta cikakku, Nagi bai taɓa barin ko yatsa mai gumi ya kwana a jikinta ba.

"Usta, ashe kana nan. An ce mini ka daina, na ce ƙarya ne, mutumin da ya yi wa Umm Samih abin da ya yi."

"Allah ya jiƙan Ustaz, Madam. Zauna."

"Amin. Ka san halin da ake ciki, mai gidan hayar ya fara aiko mini, 'yan sanda kuma sun ce lasin ya bi mai shi." Ta ɗora akwatin a kan tebur, tana kokawa da maɓallin saboda yatsunta sun kumbura. "Da har zan kawo ta yadda take, Allah ya haɗa ni da Umm Samih a wurin ta'aziyya. Ta ce, ke, kada ki kuskura, maza ba sa faɗa mana ne kawai, gogaggiya ta fi kuɗi, ni shaida ce. Ta koya mini yadda ta yi. Tokar ma ita ta aiko mini."

Ta buɗe. Hilmi bai ɗauki madubi ba, babu buƙata. Ta ma fi Umm Samih ƙarfin hannu, sunan masana'antar ya kusa shafewa gaba ɗaya.

Yanzu ko ya so ya yi mata ƙarya babu mai saye, maganarsa ba ta ɗaukar ko kuɗin shayi. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ranar da Mitwalli ya tara masa jama'a.

"Madam, wannan baƙin da kika cire, shi ne kuɗin bindigar. Da shi ta kai dubu ɗari biyu da wani abu. Yanzu dubu talatin."

Ta yi 'yar dariya, tana jiran ya ce wasa yake. Da ta ga bai ɗago ba dariyar ta tsaya.

"Amma ta Umm Samih..."

"Ita ma haka ta zama. Ni na ce ba haka ba."

Ta dubi bindigar, ta dubi hannayenta, ta juya su ciki da baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta yi. Sai ta waiwaya wajen ƙofa, muryarta ta yi ƙasa.

"Usta, ba ni kaɗai ba ce. Mu uku muka zauna a kicin ɗina muka yi aikin, da matar Dakta Wasfi da ƙanwar Kaftin Lutfi. Ni suka turo in fara ji."

Hilmi ya miƙe ya leƙa. A bakin layin, cikin inuwar shagon Girgis, mata biyu ne tsaye cikin baƙaƙen kaya, kowacce rungume da akwati a ƙirji. Ɗaya ta hango shi, ta ɗaga masa hannu tana murmushi.